Shekarar da Na Share Fangalin Baba Ilyasu

Na san abin da Inna Hajo, yayar uwarku, take gaya muku duk lokacin da kuka je gaishe ta: wai ni na kori kakanku daga garkarsa da tarakta. Ba zan ce ƙarya take yi ba. Sai dai ba ta nan ranar da abin ya faru, ni kuwa ina nan, kuma har yau da furfura ta cinye mini kai ban gama gane wanda ya yi laifi a cikinmu ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi, tun ina iya riƙe alƙalami, ku karanta ku yanke naku hukuncin. Wataƙila ku da kuka yi lakwal, kuka sha boko, ku fi ni gane kansa.

Ni mutumin Madawa ne, kun sani. Na zo Agadas da buhu a kafaɗa neman aikin ƙarfi. Na yi dako a tasha, na yi kwaɓar ƙasa wurin magina, daga baya na sami aikin ban ruwa a garkar Baba Ilyasu da ke bakin ƙoramar Telwa. Shi ya ba ni uwarku Rabi, bai tambayi abin da na mallaka ba. Tun daga ranar da aka ɗaura aure ban sake duban fuskarsa ba, don haka aka raine mu a gida: suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci gabansa, ba a zama kusa da shi a yi hira. Aikin garkar ma na bari na koma tasha, don ba zan iya wuni ina kauce masa ba. In na je gaishe shi, tun daga nesa nake cire takalma, in durƙusa, in kafa ido a ƙasa har a gama. Shekara goma sha ɗaya ina haka. Da za a jera mini ƙafafun tsofaffin Agadas duka, zan nuna nasa ban yi kuskure ba, don na san babban yatsan da farcensa ya tsage, na san kaushin dugadugansa. Fuskar da na sani kuwa ita ce ta ranar ɗaurin aure. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, alhali a lokacin karatuna bai wuce na salla ba.

Garkar tasa fangali-fangali ce, irin ta kowa a Telwa. Kowane fangali taki biyu ne tsawo da faɗi, an kewaye shi da ɗan tudun ƙasa mai riƙe ruwa, ga ƙananan hanyoyin ruwa sun taso daga rijiya sun ratsa tsakani. Mai ban ruwa yana tafiya bisa tudun, ya buɗe wa wannan fangali da hauya, in ya cika ya toshe ya buɗe wa na gaba. Baba shi ya ja tuddan nan da hannunsa tun yana saurayi, kuma bai taɓa sake musu wuri ba. Albasa yake yi da alkama kaɗan, amma rabin garkar luzan ne, ciyawar nan mai ɗanyen ganye da ake yanka ta sake tohowa. Masu kiwon raguna a cikin gari suna rububinta, madugan ayarin gishiri ma in za su tashi zuwa garin Fashi sukan nemi busassun dammanta.

Lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado na bi mutane na tafi. Ban yi arziki ba, ban kuma dawo hannu banza ba. Na dawo da tari mai ƙin jin magani da ɗan abin da ya isa in sayi ƙaramar tarakta ja, cikin waɗanda ake shigowa da su daga Libiya ta hanyar Segedin. Na yi ta jan yashi da taki da ita a tirela, amma raina ba ya nan. Duk ranar da na kai taki garkar Baba sai in hango shi a durƙushe da lauje yana yankan luzan, tafi ɗaya bayan tafi ɗaya, tun safe har rana ta take, abin da ya tara bai wuce kayan jaki ba. Sai tausayi ya kama ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da son a ce surukin nan da aka ba mata kyauta ya zama mutum.

Akwai wani makanike Babarbare a bayan tasha, Usta Bukar, wanda ya daɗe yana aiki a gonakin Libiya. Shi na samu da maganar, ya kai ni bayan garajinsa ya nuna mini injinan yankan ciyawa guda biyu da ke jingine cikin tarkace. Ɗaya mai murfi ne kamar babban faranti, wuƙa na juyawa a ƙarƙashinsa. Ɗayan dogon ƙarfe ne siriri, an jera masa haƙora masu kusurwa uku daga gindi har ƙarshe. Ni mai murfin ya burge ni, don ya fi kama da abin kuɗi. Usta ya yi mini dariya.

"Wanga ya fi ƙarfin taraktarka," in ji shi. "In ma ta ja shi, niƙa ciyawa yake kamar miyar kuka. Wa zai sayi garin luzan? Madugu dami yake so, abin da zai ɗaure a bayan raƙumi. Ɗauki mai haƙoran ga. Foshez ake ce mata. Ba ta son ƙarfi da yawa, aski take yi daga ƙasa, ta kwantar maka da ciyawa da tsawonta da ganyenta."

Ya nuna mini yadda ake rataya ta a bayan tarakta, yadda sandar kardan da ke ɗauko ƙarfi daga injin tarakta ke juya ta haƙoran su riƙa kai da komo tsakanin yatsun ƙarfe, yadda ake ɗaga ta tsaye in za a hau hanya. Ya ce kullum a hannun dama take, don haka in riƙa kewaya gona ta dama, in shafa mata mai kafin aiki, kada kuma in kuskura in sa hannu tsakanin haƙoran ko da injin a kashe yake. Akwai gajera akwai doguwa, ya ce in ɗauki gajerar. Na ɗauki doguwar mai kusan taki biyu, don a lissafina wanda ya fi tsawo shi ya fi gama aiki. Abu ɗaya bai tambaye ni ba, ni ma ban gaya masa ba: wace irin gona za ta shiga.

Na fara gwada ta a garkar wani maƙwabci da ya yarda mini. Ban yi tafiyar taki biyar ba ta cusa baki cikin tudun fangali, ta cika da ƙasa, ta yi wani ƙara mai tsinka zuciya ta tsaya. Na ja baya na ɗaga ta kaɗan, sai ta bi saman ciyawar tana tsinke kawuna. Na sauke ta, ta sake cin tudu, haƙori biyu suka karye. Ƙafafun taraktar kuma suka tattake hanyar ruwan mutumin, na wuni ina ba shi haƙuri. Na rasa gane kan abin. Na ce ko na ɗaura ta ba daidai ba ne, ko Usta ya sayar mini da matacciya. Na koma wurinsa a fusace, ya saurare ni yana goge hannu.

"Fangali ka kai ta? Ai da ka hwaɗi. Wagga aba filin da ya kwanta take so, shimfiɗe kamar tabarma. Ko ka share tuddan ka yi dogayen layuka, ko ka maido mini da ita in sayar wa wani."

Maidowa kam ban iya ba, don duk tasha ta ga ranar da na wuce da ita tsaye a bayan tarakta. Saura share tuddai, garkar kuwa ba tawa ba ce. A nan aka zo wurin da ya fi ɗaure mini kai. Ba zan iya tsayawa gaban surukina in ce masa ina son rushe aikin hannunsa ba, don haka na yi abin da kowa ke yi, na aiki 'yarsa. Da na gaya wa Rabi tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya.

"Malam, da ka bar garkar nan yadda take," ta ce.

Na tambaye ta dalili, ta ce babu. Na ce to in babu dalili ta tafi ta gaya masa, sauƙi nake nema masa, tsoho kamar Baba bai kamata ya ƙare rayuwarsa a durƙushe da lauje ba. Ta ce in je da kaina. Na ce ta san ba zan iya ba. Muka kwana uku muna wannan, ni ina ganin taurin kai ne irin na mata da ba su son sabon abu. Rana ta huɗu ta yafa mayafi ta tafi, ta dawo idanunta jajur.

"Ya ce garka taka ce, ka yi abin da ka ga ya dace."

Na tambaye ta to kukan mene ne, ta ce hayaƙin gidansu ne. Washegari na je godiya. Na durƙusa kamar kullum, ina kallon babban yatsan nan mai tsagaggen farce. Ya ce, "Malam, an ce ka sawo inji. Allah shi sa albarka." Na ce amin. Iyakar maganar da muka yi ke nan a kan garkar da ya shekara arba'in yana ginawa.

Yanzu in na zauna ina tunani, alamu sun yi yawa, ni ne ban iya karanta su ba. Ya daɗe ba ya fara gaishe da mutum sai an yi magana. Ya daina zuwa kasuwa, ya ce hayaniya ta ishe shi. Ko'ina zai je jakarsa ce ke kai shi, tsohuwar macen jaki da ta san hanyar garka da ta gida ba a kora ta ba. A garka kuma bai taɓa sa takalmi ba, kuma ba ya ratsa fangali, kullum bisa tudu yake bi ko da hanyar ta fi nisa. Ni duk na ɗauka halin tsofaffi ne.

Kwana biyu na yi ina share rabin garkar, ɓangaren luzan, wanda ya kama daga ƙofa har rijiya. Na ɗaura wa tarakta ƙarfen share ƙasa na bi tuddan ɗaya bayan ɗaya, na cike hanyoyin ruwa, na tsince duwatsu don kada su karya mini haƙora. Na ja dogayen layuka, na sake shuka, na sayo tiyo na jona da injin ban ruwa. Tun ranar da na fara Baba bai sake zuwa garka ba. Rabi ta ce gwiwa ce ke damunsa. Na ji daɗi ma, na ce ga shi tun yanzu ya fara hutawa. Ruwa ya ba ni wahala, don wani wuri ya taru ya yi tabki, wani wuri ya ƙi zuwa, amma dai luzan ya fito, cikin wata biyu ya kai gwiwa.

Ranar yankan farko na matsa wa Rabi ta gaya masa ina roƙon ya zo ya sa albarka. Ta ce a bar shi. Na ce wane irin abu ne wannan, a yi wa mutum gyara a garkarsa a hana shi gani? Ta dube ni, ta tafi ta isar da saƙo.

Da hantsi na fara. Wallahi abin ya yi kyau. Haƙoran suna kaɗawa, ciyawa tana kwantawa a bayana a jere, ganye bai zube ba, aikin da Baba ke yi a wuni na gama shi kafin shayi ya tafasa. Na kewayo karo na biyu ke nan na hango jakarsa a bakin ƙofa, ya sauka yana cire takalma. Na ƙara wa tarakta wuta don ya ga yadda take gudu, idona yana kan ƙarfen ta dama ina kiyaye duwatsu. Da na ɗago sai na gan shi cikin luzan ɗin da ba a yanka ba, daidai inda ƙarfen zai bi. Yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa a hankali, yana shafa ƙasa da tafinta ta nan da ta can. Ciyawa ta rufe haƙoran, ba a ganin su. Na ɗaga masa hannu, bai kauce ba. Na yi ihu, ƙarar inji ta danne. Na rasa abin da yake yi, na ce a raina ko gwada ni yake, ko fushi ne ya sa ya tare mini hanya. Na taka birki da ƙafa biyu na kashe inji. Da na diro na duba, tsakanin haƙoran da ƙaurinsa bai kai kamu biyu ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, lafiya?"

Ya juyo wajen da muryata ta fito, ya ɗan wuce ni kaɗan. Ya ce, "Isufu, ina rijiya take?"

Jin sunana a bakinsa shi ya sa na ɗaga kai ban sani ba. Na ga tsohon da ban sani ba, kumatu sun faɗa, gemu fari fat, idanun nan biyu sun yi fari kamar an zuba musu nono. Rijiyar tana gabansa, ga bishiyar lemun da ke kanta, yaro ma zai jefa dutse ya same ta. Kunya da tsoro suka rufe ni. Na miƙe na kama hannunsa, hannun da ban taɓa ba tun ranar ɗaurin aure, na kai shi gindin lemun ya zauna.

"Daga ƙohwa taki sittin da huɗu ne bisa babban tudu," ya ce. "Na san ka share shi, an gaya mini. Na ɗauka ƙahwata za ta tuna ko babu shi."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce damina huɗu ke nan, a hankali ya zo, kamar magariba. Ya ce ban ruwa bai taɓa gagararsa ba, don ƙafa ta san tudu, kunne ya san ƙarar fangalin da ya cika, lauje kuma hannu ke kai shi. Na ce, "Baba, mi ya hana ka ce a'a?"

"Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa roƙona komi ba," ya ce. "Abu na hwarko in hana ka? In na hana kuma sai na hwaɗi dalili. In na hwaɗi dalili Hajo ta zaunar da ni a zaure, a riƙa kawo mini hura kamar mara lahiya."

Da na koma gida na sauke wa uwarku duk fushin da ke cikina. Na ce ta san mahaifinta ba ya gani ta bar ni na rushe masa hanya, ta bar ni na kusa datse masa ƙafa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ya sa na yi rantsuwa ba zan gaya wa kowa ba, har Yaya Hajo. Sau nawa na ce maka ka je da kanka? Na ce in ka zauna gabansa za ka gani. Kai da kake durƙusa mishi duk Juma'a, mi kake kallo?"

Na ce ƙafarsa nake kallo, kamar yadda aka koya mini. Ta ce to. Har yau in na auna sai kaina ya juya: ni ladabi na yi, ita alkawari ta riƙe, shi kara ya yi mini, kowa ya yi abin da ake yabon mutum da shi, ga kuma inda ya kai mu. Na kai shi likita daga baya, aka duba aka ce ba yanar ido kaɗai ba ce, jijiyar ta riga ta mutu.

Na so in maido da fangalin kamar da. Na ajiye tarakta na ɗauki hauya, na yi sati ina jan tuddai yadda na tuna su. Da aka sako ruwa sai ya ƙi bi, don ashe kowane fangali Baba ya ɗan karkata shi da wani gangare da ido ba ya gani, ni kuwa na riga na baje ƙasar. Na kawo shi ya taka ya gwada mini, ya bi kaɗan ya tsaya ya ce, "Malam, wagga garkar wani ce. Bar wahal da kanka, inji ya ci abinshi." Ya koma kirana Malam, amma ni ban sake iya sunkuyar da kai gabansa ba, don yanzu ni ke duba masa hanya.

Abin da na iya yi shi ne tudu guda ɗaya, daga ƙofa zuwa rijiya. Na ja igiya don ya miƙe, na bi shi da ruwa na daddale da ƙafa har ya yi tauri. Shi ne tudun nan da ya raba filin luzan biyu, wanda kuke ƙorafi a kansa duk ranar yanka, kuna cewa yana sa ku ɗaga ƙarfe sau ashirin kuna ɓata man gazuwal. Foshez ɗin nan ita ta ciyar da ku ta kai ku lakwal, ban taɓa cewa sayenta kuskure ne ba. Amma tudun yana nan muddin ina da rai.

Ranar da na gama shi jaka ta kawo Baba, Rabi tana biye. Ya cire takalma, ya laluba da babban yatsan nan har ya sami bakin tudun, ya hau. Muka tsaya muna kallo bai nemi hannun kowa ba, leɓensa yana motsi, har ya dafa bakin rijiya. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya juyo.

"Ya yi kyau, Malam, Allah shi yi maka albarka. Sai dai ka ƙara taki bakwai."

Na rasa yadda aka yi. Ƙofa tana inda take, rijiya ba ta tashi ba, igiya kuma ba ta lanƙwasa ba. Bayan ya tafi na sake aunawa har sau uku, na zo ina gaya wa uwarku lallai akwai inda na karkace, gobe zan rushe in sake. Ta ce in bar shi haka nan.

"Ba kai ka ƙara ba, Malam," ta ce. "Wata biyu ya yi zaune a zaure. Takinshi ne ya rage."